Aninin Haboba Dije

"To wannan kuma fa?" in ji Hindu, ta ɗago wata fanka wadda ba ta da fiffike ko ɗaya.

"Fanka ce."

"Na ga fanka ce, Malam. Mi take kaɗawa?"

Abdussalami ya kurɓi shayinsa, ya gyara zama a kan gadon igiya da ke ƙarƙashin rumfa. Tun bayan sallar la'asar matarsa take tsaye a ƙofar ƙaramin ɗakin nan na gabas, tana fito da kaya ɗai-ɗai tana tambayarsa sunansu, sai ka ce alƙali da ɓarawo.

"Da ita na samu ta'arifa biyu, tsofaffin kuɗi na zamanin Turawa," ya ce. "Kyauta."

"Kyauta. Ita fankar fa, kyauta ta biyo ka gida?"

"Ke ba ki gane ciniki ba."

"Awo, ban gane ba. Amma na gane ɗiyarka Ibtisam ta shiga wata na tara, kuma Juma'a mijinta zai kawo ta. Haihuwar fari ce, a gidan uwarta za ta yi. Ina zan aje ta? Cikin risho bakwai da kwaɗo arba'in marasa makulli? Ga rufi yana yoyo, ga karif ya kama, damina ta sauka. Na yi magana da Usta Nuraddeen mai aikin rufi, Laraba zai zo ya gyara kwanon. Kafin ya zo, ka fid da tarkacenka."

"In sha Allahu."

"Wanga in sha Allahun na san shi. Shekara uku yana zaune a bakinka."

Duk wanda ya san ƙauyukan Hausawa da ke kewayen Wad Haddad ya san Abdussalami, ko da bai san sunansa ba. Dogo ne siriri, mai farin gemu kaɗan a haɓa, da jallabiya wadda aljihunta na dama kullum a zazzage yake saboda nauyin ƙarafa. Manomi ne kamar kowa. Yana da hawasha, gonar da ruwan magudana yake shayarwa, yana noma dawa da auduga, wani lokaci da gyaɗa. Ba ya shan taba, ba ya zaman hira a teburin mai shayi, bai taɓa faɗa da maƙwabci a kan ruwa ba. Ciwonsa ɗaya ne: tsofaffin kuɗi. Girish, ta'arifa, millim, riyalin azurfa da ya sha hannu har fuskarsa ta goge, duk kuɗin da ya daina sayen komai, shi Abdussalami yake so.

Abin ya samo asali daga kakarsa, wadda suke kira Haboba Dije, don haka ake ce wa kaka a nan. Tana 'yar shekara tara iyayenta suka taso da ita daga ƙasar Sakkwato za su Makka a ƙasa. Shekara huɗu suna tafiya. Da suka iso Jazira jaki ya mutu, guzuri ya ƙare, sai ubanta ya ce a tsaya a tsinci audugar shekara ɗaya a ƙara gaba. Haboba Dije ta yi aure a nan, ta haifi tara, ta ga jikoki, ta haura shekara casa'in, amma har ta rasu in an tambaye ta sai ta ce su matafiya ne, tsayawa suka yi. Abin da ya rage mata na gida anini ɗaya ne, ɗan farin kuɗi mai huda a tsakiya da tauraro kewaye da hudar, ƙulle a bakin zanenta. A ciwonta na ƙarshe ta kwance shi ta sa a tafin Abdussalami, lokacin yana sabon aure. Ta ce, "Riƙe. Ba ya sayen komai, shi ya sa ya daɗe."

Ya kai shi kasuwar Hajj Abdalla don a gaya masa ko mene ne. Ba wanda ya sani. Amma wani tsoho mai sayar da tarkace ya jawo gwangwanin madara cike da kuɗaɗen da aka daina karɓa, ya zazzage a kan buhu. Abdussalami ya tsuguna don ya duba na minti biyu. An kira azahar yana tsugune.

Daga ranar ya tsara dabararsa, wadda yake alfahari da ita fiye da gonarsa. Dabarar ita ce kada mai kaya ya taɓa sanin abin da kake so. In ya hango tsohon girish a cikin tarkace, sai ya kau da kai kamar ya ga surukarsa. Ya ɗauki wani abu dabam da ke kusa, risho ko fitila ko rediyo marar ciki, ya yi ta jujjuyawa, ya taya, ya tashi kamar zai tafi, ya dawo, ya saya. Sai ya ɗaga kaya zai wuce, sannan ya waiwayo ya ce, "Ba gyara? To sa mini ɗan ƙarfen can, yara su yi wasa." Mai sayar da gero ma yana yin gyara, balle mai tarkace. Haka Abdussalami ya tara kuɗaɗensa duka ba tare da ya sayi ko ɗaya ba. Haka kuma ɗakin gabas ya cika har rufi.

Na azurfa da manya-manyan yana ajiye su a akwati ƙarƙashin gadonsa. Masu huda kuwa, ashirin da 'yan kai, yawancinsu millim na Masar, ya zuba su a wani tsohon barrad, butar shayi mai shuɗin fenti, ya cusa tsumma a kai don kada su yi ƙara, ya tura ta can cikin tarkace inda ɓarawo ba zai ɓata lokacinsa ba. Aninin Haboba Dije ma yana ciki. Da can a akwati yake, amma bara ya mayar da shi cikin 'yan'uwansa masu huda, don a ganinsa ya fi shekara ɗari ba shi da abokin zama. Bai gaya wa kowa ba. Abdussalami ba ya gaya wa kowa inda ransa yake.

Laraba ta zo daidai da ranar da ruwa ya zagayo kan hawasharsa. Wanda ya bar ranarsa ta wuce sai ya jira zagaye na gaba, don haka ya fita da fartanya tun da sassafe, bai dawo ba sai da rana ta yi ja. Yana shigowa gida ya ga kwanon ɗakin gabas yana ƙyalli, ƙofa a buɗe, an share, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa tabarma sabuwa, ga turaren wuta yana tashi. Babu risho. Babu fanka. Babu barrad.

"Ina kayan?" ya tambaya, da muryar da yake tayin abin da ba ya so.

"Mujtaba ya aiko karo, amalanken jakinsa, an kwashe. Gobe kasuwa, zai baza su. Abin da ya ba ni na sayi tabarma da sabulun wanka." Hindu ta riƙe ƙugu tana jiran faɗa.

Nan Abdussalami ya yi lissafinsa. Mujtaba taubashinsa ne, ɗan ƙanin mahaifiyarsa, kuma shi ne babban mai tarkace a kasuwar Hajj Abdalla. Matar Mujtaba ƙawar Hindu ce, kuma dukansu biyu suna da waya. In ya furta kalmar barrad a gidan nan, kafin isha'i ta isa kunnen Mujtaba, kafin gari ya waye butar ta fi akuya tsada.

"Madalla," ya ce. "Ɗaki ya yi kyau."

Hindu ta bi shi da kallo har ya shige bayi. Ta shirya wa faɗan nan jawabai uku, ga shi ba ta yi amfani da ko ɗaya ba.

Washegari ya hau bayan mota da masu kai awaki, ya isa kasuwa ana kan baza kaya. Ya wuce 'yan albasa, ya wuce masu busasshiyar kuɓewa da masu ɗinkin takalma, ya nufi bayan 'yan hatsi inda masu tarkace suke shimfiɗa buhunansu a ƙasa. Tun daga nesa ya hango dukiyarsa ta shekara arba'in a shanye a rana. Ga barrad can a gefen hagu, tsakanin dutsen guga da wata tayar keke, murfinsa a rufe yadda ya bar shi. Nan take ya mayar da idonsa dama.

"Marhaba da mai gida!" Mujtaba ya ɗaga murya daga kan kujerarsa. Gajere ne mai tumbi, rawaninsa kullum a karkace. "Ya zol, mutumina, ka zo gaisuwar 'ya'yanka? Ga su nan duk lafiya, sun kwana da kewarka."

"Wucewa nake. Igiya na zo saye."

"Igiya tana can gabas, kai kana yamma. Zauna, a kawo maka kofi."

Abin da Abdussalami bai sani ba shi ne, dabararsa ta daɗe da zama abin hira a layin masu tarkace. Kowa ya san ta. Sun ƙyale shi ne saboda babu wani mahaluki a Jazira da zai sayi risho marar ƙafa in ba shi ba, kuma tsohon girish bai kai kuɗin risho ba. Mujtaba kuwa ya ƙware. Ba ya kallon abin da taubashinsa ya ɗauka, sai ya duba inda ƙeyarsa ta juya.

Abdussalami ya tsuguna ya ɗauki risho.

"Wanga nawa?"

"Kai da ka raine shi kake tambaya ta? Bai taɓa kamawa ba, ko?"

"Mai ne babu mai kyau yanzu."

Suka ja, suka ja, ya saya. Ya miƙe, ya yi taku biyu, ya waiwayo. "Ba gyara?"

"Akwai," in ji Mujtaba, ya miƙa masa murfin tukunya.

Abdussalami ya karɓa, don bai taɓa mayar da gyara ba. Ya sake tsugunawa, wannan karon ya ɗan matsa hagu. Ya sayi fankar nan marar fiffike. Gyaranta kwaɗo ne. Ya sayi rediyo, aka ba shi cokali. Ya sayi dutsen guga, wanda yake jingine da barrad har suna taɓa juna, ya ɗauke shi yana kallon sama kamar mai duban wata. Aka ba shi wani kwaɗon.

Rana ta take. Kaya sun taru a bayansa, gumi ya jiƙa masa hula. Mujtaba ya riga ya gane cewa abin yana gefen hagu, amma bai tabbatar ba ko butar ce, ko tayar keke, ko wani agogon bango da ya rasa hannuwa. Saboda haka ya zauna a kan ukun, yana ba da gyara daga dama.

Sai ga wata mata mai sayar da shayi a bakin tasha, babba, da mayafi ruwan goro, ta zo ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗauki barrad, ta duba gindinsa ko ya huje, ta ƙwanƙwasa shi da farce.

"Wanga zai yi mini na madara," ta ce. "Nawa, ya hajj?"

Abdussalami ya juyo da sauri. Shekara arba'in bai taɓa nuna abu da yatsa a kasuwa ba. Ya ga matar ta kai hannu kan murfi.

"Nawa ne! Na riga ki!" ya yi ihu, har wani jaki da ke ɗaure kusa ya zabura.

"Ka riga ni a ina? Kana can kana kallon sama."

"Tun safe nake cinikinsa."

"Wallahi ko sau ɗaya bai dube shi ba," in ji Mujtaba, fuskarsa cike da farin ciki. "Shi ya sa na san da gaske yake."

Matar ta taya. Abdussalami ya ninka. Ta ƙara, don ta ga abin ya zama na taurin kai, kuma ita ma tana da nata. Ya sake ninkawa. Mutane suka fara taruwa, masu hatsi suka bar mudu suka zo kallo. Da kuɗin ya kai na sabon barrad uku, matar ta dangwarar da shi a gabansa ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta tafi tana waiwaye.

Ya biya. Bai nemi gyara ba. Ya rungume butar ya zagaya bayan buhunan dawa inda ba kowa, ya tsuguna, ya buɗe murfi, ya jawo tsumma. Ya leƙa. Ya kife ta ya girgiza. Wani busasshen gizo-gizo ne ya faɗo.

Ya dawo wurin Mujtaba a hankali, ya tsaya a gabansa. Wannan karon ba ciniki a muryarsa.

"Ɗan kawu, ka ji tsoron Allah. Sauran ka riƙe, na yafe. Amma akwai aninin Haboba a ciki."

Dariya ta ɗauke daga fuskar Mujtaba. Shi ma jikan Haboba Dije ne, ya san aninin, ya sha duka a kansa yana yaro ranar da ya yi ƙoƙarin kwance shi tana barci. Ya miƙe, ya gyara rawani, ya rantse cewa bai buɗe butar ba, yadda aka ɗora ta a karo haka aka sauke ta. Suka zazzage buhunan da aka ɗauko kayan a ciki, suka duba ƙasan karo, suka tona turɓayar wurin da yatsu. Babu.

"Ka tambayi Hindu kuwa?"

"Ban tambaye ta ba."

"Don mi?"

"Don kada ka ji."

Mujtaba ya kakkaɓe turɓaya daga hannunsa. "To ga shi na ji," ya ce. "Ɗauki karo, ba sai ka biya ba. Amma kayan da ka saya ka saya."

La'asar ta yi sanyi lokacin da karo ya tsaya a ƙofar gida. Gabas ta yi baƙi, iska tana kawo ƙamshin ruwa. Hindu tana tankaɗe a tsakar gida sai ta ga mijinta ya shigo rungume da barrad, mai karo yana biye da shi ɗauke da fanka da risho. Ta ajiye rariya.

"La ilaha illallahu. Malam, tarkacen da na sayar jiya ka je ka sayo?"

"Ba duka ba."

"Mi na yi maka? Gobe ɗiyarka za ta zo!"

Ya zauna a bakin gado, ya ɗora butar a cinya. Ya buɗe baki zai tambaye ta labarin tabarma, daga nan ya gangara kan sharar ɗaki, daga nan ya zagayo a hankali. Sai ya ga ya gaji.

"Hindu, kuɗin da ke cikin wagga buta, ina suke?"

"Waɗanne? 'Yan ƙarafan nan masu huda? Ai suna sama."

"Wace sama?"

Ta nuna rufin ɗakin gabas da haɓa. "Usta Nuraddeen yana cikin aiki sai wardar ƙusa ta ƙare masa, 'yan faya-fayan nan da ake sa wa ƙusa don kada ruwa ya bi ta. Ya ce sai ya koma Wad Haddad ya sayo, aiki ya kwana. Ni kuwa ina ɗaga buta na ji nauyi, na buɗe, na ga ga su nan da hudarsu an riga an yi. Ya yanka tsohuwar roba ya sa a ƙarƙashi, ya buga. Har ya ce sun fi na kanti, waɗannan ba su yin tsatsa. Na mayar maka da tsummanka ciki. Ai na azurfar suna akwati, ban taɓa ba."

"Aninin Haboba yana cikinsu."

Hindu ta dafe ƙirji. Ta zo gidan nan amarya Haboba Dije tana da rai, ita ta koya mata tuƙa tuwon dawa yadda ake yi a can gida, ba kisira, wainar dawa ta mutanen nan, kullum ba. Ta zauna a kan turmi ba ta sani ba.

"A akwati yake," ta ce a hankali.

"Na mayar da shi bara."

"Ba ka faɗa ba. Jiya da ka dawo ma ba ka faɗa ba. Ka ce ɗaki ya yi kyau!"

"Ya yi kyau ɗin."

"Kalma ɗaya, Malam. Usta yana nan bai ma ɗaure jakarsa ba, yana shan shayi a bayan gida." Ta share ido da bakin mayafi, sai kuma dariya ta kufce mata, ta toshe baki, ta sake kufcewa. "Nawa ka sayi butar?"

"Ba a tambayar wannan."

"Zan ji wurin matar Mujtaba."

Ta miƙe ta ce bari ta kira Usta Nuraddeen a waya ya zo ya zare ƙusar yanzu, ko nawa ne ta biya daga kuɗin gyaɗarta. Abdussalami ya tambaye ta in an zare ƙusa daga sabon kwano me yake faruwa. Ta ce ai ya sani, hudar takan buɗe, sai an yi faci, facin kuma ba ya kamawa sai kwano ya bushe. Kuma ba a san wace ƙusa ba ce cikin ashirin da wani abu, sai an bi su ɗai-ɗai. Suka ɗaga kai tare. Hadari ya riga ya rufe rabin sama, an fara walƙiya can wajen kogi.

Ya tashi ya je ƙofar ɗakin ya leƙa. Ga gadon da aka ɗaure wa sabuwar igiya, ga tukunyar ruwan zafi a kusurwa, ga 'yan tsummokin jariri Hindu ta wanke ta ninke. Ya ɗaga ido ya dubi kwanon daga ciki, babu inda haske yake shigowa.

"Bar shi," ya ce. "Kada ki kira kowa. Ya yi tafiyar shekara huɗu a bakin zane, ruwan wata uku ba zai yi masa komai ba. In karif ya wuce, yarinya ta gama wanka ta koma ɗakinta, sai a sauke shi."

"Ka tabbata?"

"Usta ya ce ba ya tsatsa?"

"Haka ya ce."

"To ya san aikinsa." Ya juyo daga ƙofar. "Amma sai na gan shi da idona. In san ko ta wace kusurwa yake, kuma ko bai lanƙwasa mini shi da guduma ba."

"Yanzu? Ruwa na zuwa, kai kuma gwiwa ba ta da kyau. Waɗannan kayan fa, a ina za su kwana?"

"Sa su ƙarƙashin rumfa. Mako mai zuwa in mayar wa Mujtaba."

"Ya saya a rabin kuɗi."

"Zan nemi gyara."

Ya ajiye barrad kusa da murhu, ya naɗe hannun jallabiya, ya zura takalmansa. Akwai tsani a masallaci, wanda ladan yake hawa in lasifika ta lalace. Ya fita da sauri-sauri ya nufi can, don ya samu ladan kafin ya shiga alwalar magariba.